Ɗalhatu Sai-Damina da Motar Hajiya Shetu

Shekara huɗu Ɗalhatu ya yi a Doha yana tuƙa motar albasa, amma in ka ji yana magana sai ka rantse da shi aka yi shawara kafin a haƙa tekun. Mutumin Ƙauran Namoda ne, dogo, siriri, mai maƙogwaro kamar ya haɗiye goriba. Aikin da ke rubuce a takardarsa shi ne ya ɗebo buhunan albasa daga kasuwar kayan gwari ta Abu Hamour ya rarraba wa gidajen abinci. Aikin da ya ba kansa kuwa shi ne sanin komai. Ka nuna masa gini, zai gaya maka shekarar da aka gina shi da sunan birkilan. Ka yi masa gardama, ya ƙara maka da sunan matar birkilan.

Ba abin da ya tsana a duniya kamar warin albasa. Ya shiga rigarsa, ya shiga katifarsa, har in ya shiga masallaci na kusa da shi a sahu sai ya fara ƙwalla. Saboda haka ranar da ya ji labarin motar Hajiya Shetu, bai iya cin abinci ba.

Hajiya Shetu mutuniyar Zangon Kumasi ce, tana da ɗan ofishin tafiye-tafiye a Al-Sadd. Ta lura Hausawa da yawa kan yada zango a Doha kwana ɗaya ko biyu, su zauna a otal suna kallon bango don babu mai zagawa da su da harshensu. Sai ta sayi farar bas sabuwa fil, mai kujera goma sha huɗu, ko ledar kujerun ba a cire ba. Ta ce tana neman direba wanda ya san tarihi. Duk wanda ya ci gwajinta, ita za ta karɓi takardunsa daga hannun kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, makullin mota ya zama nasa.

"Massa Ɗalhatu, ka san tarihi?" ta tambaye shi ranar da ya je, da irin kiran girmamawar nan na mutanen Kumasi.

"Hajiya, ai tarihi ne ya san ni."

A kusurwar ofishin akwai ƙaninta Yussif, wanda ya shekara goma yana aiki a jiragen ruwa na katako da ke Corniche, bakin tekun Doha. Shi magana a wurinsa kamar sayenta yake yi. Ya ɗago kai ya dubi Ɗalhatu, ya mai da kai ƙasa.

"Yussif ya san ruwa sosai paa," in ji Hajiya, "amma bakinsa kamar an ɗinke. Ni mai baki nake so."

To, Allah ya ji ta, ya kuwa ba ta.

Aka sa ranar Asabar. Ɗalhatu ya zaɓi wani ɗan tsohon garin masunta da ke bakin teku, tafiyar awa guda daga Doha. Ya rubuta talla da kansa ya watsa a waya: tsofaffin gidaje, tsohon cocin Turawa, da jirgin ruwan da ya yi hatsari shekara ɗari biyu da suka wuce. Sau ɗaya tak ya taɓa zuwa garin, shi ma albasa ya kai, bai ko sauka daga mota ba. Ta taga ya hango wata 'yar hasumiya da wani jirgi kwance a kan yashi, sauran kuwa kansa ne ya cike masa.

Ya sayi malafa, da farar laima ta nuni, da wata falmaran mai aljihu goma sha ɗaya. Abokin ɗakinsa Ja'afaru, wanda ke gadi a wani babban kanti, ya zauna a bakin gado yana kallonsa yana gwada kayan a gaban madubi.

"Farfesa, duk aljihun nan na zuba ƙarya ne?"

"Hassada ga mai rabo taki. Ka rubuta ka ajiye, Ja'afaru, sai na kafa tarihi a ƙasar nan."

"Wannan kam ban musa ba. Ni dai roƙona, kada ka mayar wa mai albasa makullinsa tukuna."

Fasinja biyu tallar ta jawo. Akwai Alhaji Gado, ɗan kasuwar fata daga Gusau, mutum mai yarda da duk abin da aka faɗa da babbar murya, ya zo da ɗan littafi da biro don ya kai wa jikokinsa ilimi. Akwai kuma Madam Rifkatu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya daga Zonkwa, wadda ta zo ganin 'yarta. Ita cocin nan ne ya fito da ita, don ta riga ta yi wa Zumuntar Mata ta cocinsu alkawarin hoto. Hajiya ta zauna gaba da jakarta a cinya. Yussif ya shige can baya ya naɗe hannu.

Kafin su fita daga Doha Alhaji Gado ya cika shafi uku. Da suka isa garin, Ɗalhatu ya ɗaga laima ya shige gaba cikin lunguna kamar nan aka binne cibiyarsa. Sau biyu suna dawowa gindin bishiya ɗaya. A karo na uku ya ga wani gida mai kaurin bango da ƙofar katako mai ƙusoshi a buɗe, sai ya ja birki.

"Wannan shi ne gidan tarihi mafi tsufa a gaɓar nan. Shekara ɗari huɗu. Ku cire takalma."

Suka shiga wani ɗaki mai sanyi, an jera matasai a jikin bango. Can a kusurwa ga wani dattijo cikin farar jallabiya, ya jingina, ido rufe, carbi a hannu. Ɗalhatu ya taɓa ganin mutum-mutumi a wani gidan tarihi a Doha, don haka ko gezau bai yi ba.

"Kun ga yadda mutanen da suke zama. Wannan da roba aka yi shi. Ku matso ku ga aikin Turawa, har gashin hanci suka sa masa."

Ya miƙa tsinin laima ya taɓa hancin. Mutum-mutumi ya yi atishawa.

"Ikon Allah," in ji Alhaji Gado, biro a hannu. "Har atishawa suka sa masa?"

Dattijon ya buɗe ido ya ga baƙaƙen mutane biyar babu takalma tsaye a kansa, ɗaya ya auna shi da laima. Yussif ya yi maza ya matso ya yi sallama da Larabci, ya ba da haƙuri. Ashe ɗakin baƙin mutumin ne, gidansa ne da yake ciki da iyalinsa, ƙofar kuwa kullum a buɗe take saboda baƙi. Hajiya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma dattijon mutumin kirki ne. Ya yi dariya har da tari, ya ce su zauna, ya jawo butar gahawa da farantin dabino.

A al'adar wurin, mai gida zai yi ta zuba maka gahawa a ɗan finjali har sai ka girgiza finjalin, alamar ka ƙoshi. Hajiya ta sha biyu ta girgiza. Baƙin suka kwaikwaye ta. Ɗalhatu yana can yana bayanin rufin ɗaki bai lura ba, yana shanyewa yana miƙawa, dattijo yana cikawa.

"Girgiza shi," Yussif ya raɗa masa.

"Ni za ka koya wa?" Ya juya ga baƙi. "A nan ƙasar, girman mutum yawan finjalinsa."

Gahawar ga ɗaci ga zafi, amma mai girma ba ya ja da baya. Sai da ya sha goma sha ɗaya buta ta ƙare, dattijo ya leƙa cikinta ya leƙa fuskar Ɗalhatu. Alhaji Gado ya ce a tambayar masa ainihin shekarar da aka gina gidan, don ya rubuta daidai. Dattijo ya ba da amsa, Yussif ya fassara.

"Ya ce babansa ya gina, shekarar da aka haife shi. Shi kuma ya gyara bara waccan."

"To ai ka ji," in ji Ɗalhatu. "Lissafin Larabawa da wata ne, shi ya sa yake ƙanƙancewa."

Alhaji Gado ya rubuta wannan ma.

Da suka fito Hajiya ta ja hannun falmaran ɗinsa. "Massa, ɗaya kenan."

"Hajiya, da gangan na yi. Baƙo yana son abin mamaki."

Hasumiyar da ya hango ta taga tana nan bayan kasuwar kifi. Gini ne mai kusurwa huɗu, samansa da dogayen tagogi, sanduna sun leƙo ta ko'ina, biyu daga cikinsu sun gitta juna. A bakin ƙofa an rataye wata tsohuwar ƙararrawa. Ɗalhatu ya cire malafa ya sassauta murya.

"Mama Rifkatu, ga abin da kika zo dominsa. Turawan Fotugal suka gina shi. Dubi gicciye a sama. Dubi ƙararrawa. Babu cocin da ya kai shi tsufa daga nan har Habasha."

Madam Rifkatu ta gyara ɗankwalinta, idonta ya ciko da ƙwalla. Ta tsaya a bakin ƙofa ta haɗa hannu, Hajiya ta ɗauke ta hoto har kala uku. Nan take ta tura wa Zumuntar Mata, ta rubuta a ƙasa cewa ta tuna da kowa a wannan wuri mai albarka.

Ba ta gama mai da wayar jaka ba sai ga wasu masunta biyu 'yan Indiya sun turo baro. Suka ce a gafarta, ɗaya ya zaro makulli ya buɗe ƙofar. Kyanwa huɗu suka fito a guje. Bayansu wani wari ya biyo, irin wanda ya sa Ɗalhatu ya tuna albasa da alheri. Ciki babu komai sai tarin koma, da kwandunan busasshen kifi, da wani tsohon inji. Hasumiyar ta jawo iska ce don ɗaki ya yi sanyi, ƙararrawar kuwa ta wani jirgi ce da ya ruɓe.

Madam Rifkatu ta juyo a hankali. "Ɗana, waɗannan su ne fastocin?"

"Mama, ai ke kika fi ni sani. Almajiran farko ma masunta ne."

"Masunta ne, amma ba maƙaryata ba ne." Wayarta ta fara ƙara a jaka, tana yi tana ƙarawa. Ta ciro ta duba. "Ka gani? Amin talatin da shida. Matar fasto ta ce za a manna hoton a allon sanarwa. Ka sa na tura mata arba'in suna cewa amin ga busasshen kifi."

Wannan karon Hajiya ba ta ja falmaran ba. Yatsu biyu ta ɗaga masa, ta kalli aljihun da makullin ke ciki. Ɗalhatu ya dafe aljihun. Ya hango kansa ranar Lahadi da buhu a doro, Ja'afaru kuma yana tambayarsa labarin tarihi. Abu ɗaya ya rage masa, wato jirgin, kuma dole ya zama abin da za su manta da sauran. Ga kuma wata matsala ta biyu da ba ya iya faɗa wa kowa: finjali goma sha ɗayan nan sun fara neman hanyar fita.

Suka shiga mota ya kai su ƙarshen gari, inda kwalta ta ƙare. Daga nan sai yashi shimfiɗe fetal, ruwan kuwa can nesa kamar zare. A tsakiyar filin ga jirgin katako kwance a gefensa. Ɗalhatu ya ga abu biyu a lokaci guda: wurin cin abincin rana da babu jagoran da ya taɓa kai baƙi, da kuma bayan jirgi inda mutum zai tsuguna ba a gan shi ba. Ya sa giya.

Sai aka ji murya daga can baya.

"Massa, kada ka shiga. Ruwa ya tafi ne, zai dawo."

Kowa ya waiwaya, don tun safe Yussif bai haɗa kalmomi masu yawan haka da ra'ayin kansa ba.

Ɗalhatu ya kashe mota, ya juyo da murmushin malamin da ya samu daƙiƙin ɗalibi. "Yaushe zai dawo?"

"Kafin la'asar."

"La'asar ta wace shekara? Bawan Allah, ni a bakin gulbi aka haife ni. In rani ya yi, ruwa ya janye, a cikin gulbin muke buga ƙwallo. A ciki mata ke tonon rijiya. Manyan motoci ta ciki suke ratsawa da kaya. Alhaji, ƙarya nake?"

"Haka yake," in ji Alhaji Gado. "Mu ma namu haka yake yi."

"To. Wata nawa rabon da a ga ɗigon ruwan sama a ƙasar nan? Wata takwas. Dubi sama, ko gajimare ɗaya babu. Ruwan daga ina zai zo, a tanka za a kawo shi? Wannan da kuke gani shi ne ranin teku. Ruwan nan ya tafi kenan, sai damina."

Hajiya ta dubi ƙaninta, ta dubi mai baki. Ita ma a Kumasi ta tashi, nesa da teku, kuma a Doha iyakar saninta da shi ta hango shi daga Corniche tana wucewa. Maganar Ɗalhatu tana da kai da ƙafa, har da shaida. Ta Yussif kuwa guntuwa ce.

"Yussif, ka tabbata?"

"Zai dawo."

"Kun ji hujjar," in ji Ɗalhatu. "Zai dawo. Shekara goma a kan ruwa, iyakar karatun kenan."

Yussif ya tashi daga kujerarsa. Ya buɗe ƙofa ya sauka, ya nufi cikin gari da ɗan sauri. Ɗalhatu ya ce tsoro ne, a bar shi. Ya tuƙa farar motar Hajiya a kan yashi, tana tafiya sumul, har gindin jirgin. Aka shimfiɗa tabarma a inuwarsa, aka sauke kular shinkafa.

"Wannan jirgi na masu neman lu'ulu'u ne," ya fara, yana musanya ƙafa. "Guguwa ta jefo shi nan shekara ɗari biyu da suka wuce. Mutum saba'in suka halaka. Tun ranar bai motsa ba."

"Igiyar nan ta roba ce, shuɗiya," in ji Madam Rifkatu. "Ga kuma singileti an shanya a sama."

"Hukumar tarihi ke canzawa duk wata. Ku fara ci, bari in duba ɗaya gefen."

Ya zaga bayan jirgi da gudu-gudu, ya tsuguna, ya lumshe ido yana godiya ga Allah. Ya ɗan jima a haka. Can sai ya ji sanyi a dugadugansa. Ya duba ƙasa ya ga ruwa ya kewaye takalmansa, har yana tafiya. Abin da ya fara zuwa masa shi ne, gahawar nan har ta kai haka? Sai ya ɗaga kai. Zaren nan da ke can nesa ya zama tabarma, ta shimfiɗo ta dama da hagu, tana tahowa shiru babu ko sallama.

Ya dawo yana gyara tazuge. "Jama'a, kada kowa ya damu. Ɗan ruwan ƙasa ne ke tsattsafowa, a gulbi ma yakan yi haka. Amma mu koma mota saboda rana."

"Massa," in ji Hajiya, "tabarmata tana tafiya."

Tana tafiya kuwa, da murfin kula a kanta. Suka yi cikin mota. Ɗalhatu ya tayar, ya taka totur har ƙasa. Yashin da ya ɗauke su sumul ɗazu ya jiƙe ya zama kunu, tayoyin baya suka yi ta juyi suna haƙa wa kansu rami. Ya sa ribas, suka ƙara nutsewa. Ya fita ya tura malafa ƙarƙashin taya ɗaya, falmaran mai aljihu goma sha ɗaya ƙarƙashin ɗayar, yana cewa haka direbobin Ƙaura ke yi. Taya ta tauna falmaran ta tofar. Ruwa ya kai ƙauri, ya kai gwiwa, ya leƙo ta ƙofa ya hau kan ledar kujerun da Hajiya ta hana a cire. Inji ya yi tari biyu ya yi shiru.

"Farfesa," in ji Alhaji Gado, ya naɗe babbar riga har wuya, "wannan daminar ta bana ce ko ta baɗi? Ina so in rubuta."

Babu wanda ya san yadda aka yi Hajiya Shetu, da jikinta da jakarta, ta riga kowa hawa rufin mota. Madam Rifkatu ta bi ta tana kiran sunan Yesu, Alhaji Gado yana salati, aka rasa wanda ya fi wani ɗaga murya. Ɗalhatu ya hau ƙarshe, ya buɗe laima, don tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta.

"Yanzu kuna kallon abin da ba kowane baƙo ke gani ba," ya ce.

A wannan kam ya yi gaskiya, don bakin gaɓa ya cika. Ranar hutu ce, iyalai sun fito shan iska. Masunta, da yara, da mata, da 'yan Indiyan nan biyu na ɗakin kifi, kowa ya ɗaga waya. Dattijon gahawa ma an kawo masa kujera.

Daga nan jirgin da bai motsa ba shekara ɗari biyu ya yi ƙara, ya girgiza, ya miƙe zaune a kan ruwa. Wani ƙaramin kwalekwale ya taso daga gaɓa, Yussif na tuƙi, tare da wani ƙaton mutum mai gemu wanda ke ta zuba faɗa da Larabci. Mai jirgin ne, Yussif ya taso shi daga barcin rana. Mutumin ya haye jirginsa, ya ɗauki singiletinsa ya sa, ya murɗa wani abu. Injin ya tashi da bugu ɗaya.

"Mutum saba'in," in ji Madam Rifkatu. "Ga ɗaya ya tashi."

Aka matso da jirgi, aka kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Littafin Alhaji Gado ya suɓuce ya faɗa ruwa, ya bi shi da ido, ya ce ba komai, daman can ya koma inda ya dace. Ɗalhatu ya ce shi ba zai sauka ba, direban kirki ba ya barin motarsa. Kafin kowa ya roƙe shi wata 'yar igiyar ruwa ta daki motar, ya tafi da baya, laima da komai. Yussif ya sa ƙugiyar jawo koma ya kamo shi ta wuyan riga, ya ɗago shi yana tofar da ruwan gishiri. Mutanen gaɓa suka yi tafi.

A bakin gaɓa dattijo ya sa an kawo sabuwar buta don a ɗumama baƙi. Ya miƙa wa Ɗalhatu finjali. Tun kafin a zuba ko ɗigo, Ɗalhatu ya girgiza shi da hannu biyu.

Hajiya ba ta sha ba. Tana tsaye, zaninta na ɗiga, tana kallon inda farin rufin motarta ke leƙowa yana ɓuya. Shekara shida ta yi tana burin motar nan, ko sati uku ba ta yi a hannunta ba. Ta share ido da gefen mayafi, ta juyo ta miƙa wa Ɗalhatu tafin hannu. Ya lalubi aljihun wando ya ciro makullin.

"Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Na kulle ta kafin in hau sama, ba abin da zai shiga."

Ta karɓa. "Ni na ce ina son mai baki," ta ce. "Laifina ne." Ta miƙa makullin gefe ba tare da ta waiwaya ba. "Yussif, riƙe."

Washegari da safe ruwa ya sake tafiya, ba tare da ya jira rani ba, aka shiga da tarakta aka jawo motar. Ƙaguwa uku aka samu a ƙarƙashin kujerar direba. Wata uku ta yi a gareji. Kafin ta fito, hoton mutum mai farar laima a kan rufin mota ya zaga duk wayar Bahaushen da ke Qatar, ya ƙetara Kumasi, ya isa Ƙauran Namoda. Wani ya haɗa da muryarsa da Madam Rifkatu ta ɗauka tun a mota, inda yake cewa ruwan nan ya tafi kenan, sai damina. Daga ranar sunan da ubansa ya raɗa masa ya ɓace a kasuwar Abu Hamour.

"Sai-Damina," in ji Ja'afaru, yana miƙa masa makullin motar albasa da ya ajiye masa, "ka ce za ka kafa tarihi, ka kuwa cika alkawari."

"Ruwan ne bai zo a kan ƙa'ida ba."

"Haka ne. Sai ka kai ƙarar teku."

Yanzu Yussif ke jan farar motar, kuma kujera goma sha huɗun nan cika suke duk Asabar. Yana kai baƙi gidan dattijo su sha gahawa su girgiza finjali. Yana nuna musu hasumiyar iska ya ce ɗakin kifi ne. In an zo ƙarshen kwalta sai ya tsaya, ya nuna yashi da yatsa ya ce, "Nan." Kowa ya san sauran, sai a yi ta ɗaukar hoto.

Wata Asabar motar ta tsaya a kasuwar Abu Hamour don baƙi su sayi dabino. Ɗalhatu na tafe da buhun albasa a doro ya gan ta, fes, an cire ledar kujeru, makulli na lilo a gaban Yussif. Abin ya soke shi har cikin rai, ya so ya zaga ta bayan rumfa. Amma wata mata ta riga ta gane shi, nan da nan baƙi suka kewaye shi suna roƙon hoto. Da ya ga idanu ashirin da takwas a kansa, sai wani abu ya motsa masa. Ya sauke buhu, ya karkaɗe kafaɗa, ya gyara murya.

"Wannan kasuwa da kuke gani, shekararta ɗari uku da..."

"Massa," in ji Yussif daga taga.

Ɗalhatu ya rufe baki, ya sunkuya ya ɗauki buhunsa.